Muƙaman Malamanmu a Takardun Turanci

Duk wanda ya saba karanta rahotannin Turanci kan ayyukan noman rani a Kura, Bunkure da Garun Malam zai lura da abu guda. In an zo lissafa waɗanda aka gana da su, sai a ambaci hakimi, dagatai da shugabannin manoma, sannan a rufe da "shugabannin addini". An cusa liman da na'ibinsa da ladan da alaramma da muƙaddami a buhu ɗaya an ɗinke baki. Wannan ɗinki yana jawo mana asara, kuma lokaci ya yi da za a warware shi.

Manomin da ke ban ruwa da ruwan madatsar Tiga ya san bambancin da takardar ta shafe. Ran da ya casa shinkafarsa, ya tsaya gaban tsibin yana tunanin ko ɗaya bisa goma zai fitar zakka kamar na damina, ko ɗaya bisa ashirin tunda ya biya kuɗin ruwa ya sayi man inji, ba zai tari ladan da wannan tambaya ba. Zauren malamin da ke karantar da Iziyya da Risala zai nufa. In rabon gadon gona ne, mai ilimin gado ko alƙali zai nema. In ɗaurin aure ne, liman. In wuridi yake so, muƙaddami. Kowane allazi da nasa amanu.

A tsangaya ma matakai ne a jere. Kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani. Alaramma ya haddace Alƙur'ani har yana iya rubuta shi da ka. Gwani kuwa ya kai inda zai faɗa maka sau nawa wata kalma ta zo da wuraren da ta zo, ba tare da ya buɗe takarda ba. Shekaru ne na wanke allo da dafa tawada da raba dare ana tilawa. In mai fassara ya kira shi da kalmar da ake kiran malamin firamare, ko wadda ake kiran ma'aikacin coci, ya yi masa ƙwange. Liman ɗinmu ba naɗin wata majami'a ba ne. Jama'a ne suka yarda da karatunsa da halinsa, kuma da ya sallame Asuba shi ma fartanya zai saɓa.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Masana tarihin Italiya na zamanin da, masu rubutu da Turanci, sun yi karo da kalmar pieve, wato babbar cocin karkara mai ikon yin baftisma, wadda ƙananan majami'u ke ƙarƙashinta. Da yawa cikinsu sun ga kalmar Turanci mafi kusa za ta ɓatar da mai karatu, sai suka bar ta yadda take, suka bi ta da bayani. Ba wanda ya ce sun gaza.

Mu ma muna da irin wannan tarihi. Lokacin da H. R. Palmer ya buga fassarar Tarihin Kano a 1908, ya bar Sarki da Galadima da Madawaki da sunayensu. Har gobe jaridun Turanci na rubuta Galadiman Kano da Makaman Kano ba tare da sun nemo musu wani suna ba. To, in sarauta ta samu wannan mutunci, me ya hana malanta ta samu?

Wani zai ce magana ce ta suna kawai. A'a. Da Turanci ake rubuta manufofin gwamnati, da shi ake tsara kasafi. Dubi abin da ya faru da kalmar almajiri. A bakinmu mai neman ilimi ne, babban malami ma kan kira kansa almajiri don tawali'u. A takardun Turanci kuwa ta koma yaro mai bara kawai. Da aka kafa hukumar tarayya mai kula da almajirai a 2023, an haɗa sunansu da na yaran da ba sa zuwa makaranta. Ba na musun cewa akwai bara da sakacin iyaye, kuma wajibi ne a magance su. Amma wanda bai san bambancin kolo da gardi ba, ta yaya zai san wanda zai ciyar da wanda zai koya wa sana'a? Haka jami'in da ya zo sasanta rikicin rabon ruwa, in bai san wanda manoma ke jin maganarsa ba, zai tara taro ya tashi ba a ƙulla komai ba.

Shawarata uku ce. Masu fassara da 'yan jarida su bar muƙamin da sunansa, su bayyana aikinsa a layi ɗaya inda ya fara fitowa. Cibiyar nazarin harsuna da fassara ta Jami'ar Bayero ta zauna da alarammomi da limamai ta fitar da ɗan ƙamus na waɗannan muƙamai, daga bakin masu su. Sannan 'ya'yanmu da ake ɗauka tafinta a Bunkure da Kura su daina jin nauyin cewa "gwani" a gaban baƙo. In ya tambaya, a yi masa bayani, domin abin da ya kawo shi ke nan.