SANYI BA YA KASHE CUTA

Jama'a, akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutanenmu, wadda ya kamata malaman makaranta su tashi tsaye su tumɓuke ta. Maganar kuwa ita ce, wai in ruwa ya daskare ya zama ƙanƙara, to, ya tsarkaka, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa sun mutu. Ba haka ba ne. Sau da yawa barci kurum sanyi ya ke sa su.

Ga shaida. Can ƙarshen duniya wajen kudu akwai wata ƙasa, Antatika, wadda ƙanƙara ta lulluɓe rani da damina. A cikinta akwai wani tafki, Vida, wanda ƙanƙara ta toshe bakinsa wajen shekara 2,800, ba iska, ba hasken rana. Masana suka huda suka ɗebo ruwansa mai gishiri, cikin 2012 suka ba da labari sun sami ƙananan halittu da ransu, irin waɗanda ba a gani sai da madubin likita.

Wannan abin mamaki ne kawai, amma na ƙasar Rasha abin tsoro ne. A lardin Yamal, can arewa, mutane na kiwon wata irin barewa kamar yadda mu ke kiwon shanu. Rabonsu da ciwon saifa tun 1941, saboda haka cikin 2007 aka daina yi wa dabbobin allura. Cikin 2016 aka yi zafin da ba a saba ba, ƙasar da ta daɗe a daskare ta narke, sai ga ciwon ya tashi. Bareyi fiye da 2,000 suka mutu, da wani yaro ɗan shekara 12. Masana da yawa sun ɗora laifin a kan ƙwayoyin da suka kwanta cikin ƙasa tun tsohuwar annoba.

Wani zai ce, "Ina ruwanmu da ƙanƙarar Rasha, mu da zafin Barno ke gasawa?" To, ya dubi gaiwa. In fadama ta ƙafe takan shige cikin laka ta kwanta wata da watanni, ruwa na sauka ta farka. Haka ƙwayar ciwon saifa ta ke. Takan yi wa kanta ɓawo ta jure fari kamar yadda ta ke jure sanyi, shekaru da yawa. Ciwon nan kuwa bai bar ƙasarmu ba, gama an tabbatar da shi a wata gona a Suleja cikin watan Yuli, 2023.

Ƙanƙara ma muna da tamu. Daga kasuwannin Maiduguri har ƙauyuka irin su Dusuman, a ƙasar Jere, da bazara ko watan azumi sai a sayi ƙanƙara a fasa a jefa cikin kunu ko zoɓo, ba mai tambayar daga wace rijiya aka ɗebo ruwanta. Alhali kuwa bayan da madatsar Alau ta fashe cikin Satumba, 2024, ruwa ya ci gari ya gauraya rijiyoyi da masai, ciwon amai da gudawa ya biyo baya. Ƙazamin ruwa ko ya daskare ƙazami ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun fita koyarwa mu cusa wa yara abu uku. Na fari, wuta ke kashe cuta, a tafasa ruwan da ba a amince da shi ba. In kuwa ana shakkar ƙanƙara, a sanyaya kwalba da ita daga waje. Na biyu, dabbar da ta faɗi farat ɗaya kada a feɗe ta, kada a ci, a kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne da zurfi nesa da rijiya. Na uku, kada a bar allurar shanu don an daɗe ba a ga ciwo ba.

Abin da yaro ya ji a aji, shi zai kai gida. Allah ya kiyashe mu, amin.