TSOHON ZARTO KO SABO: WA ZAI GYARA IN YA LALACE?

Akwai wani inji da masu aikin katako ke ji da shi ƙwarai, wato zarton nan mai siririn baki kamar tsinke, wanda ke hawa da sauka a tsakiyar tebur, ana fitar da fure da haruffa da ado iri iri da shi. Duk wanda zai saye shi, ko don shagonsa ko don ɗakin koyon sana'a na makaranta, sai ya tsaya tsakanin biyu: tsoho na gwanjo, ko sabo fil a kwali. Mu dai ra'ayinmu shi ne, kada a tambayi shekarun inji, a tambayi wanda zai gyara shi in ya tsaya.

Bari mu fara da tsohon. Kamfanin Delta, wanda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1919, ya daɗe yana ƙera irinsa mai zurfin inci 24. Jikinsa zubin ƙarfe ne, nauyinsa kuwa shi ke hana shi rawa yayin aiki. Injin lantarkin da ke juya shi a ware yake, bel ne ke haɗa su. In bel ya tsinke a sayi wani, in injin ya ƙone masu naɗin waya su naɗe shi, ko a ɗaura wani dabam. Amma fa yana da aibinsa. Inji ne ke jawo bakin zarton ƙasa, sifirin ke mai da shi sama, saboda haka ɗaurin bakin ba ya zama daidai, kuma siraran baki sukan yawan karyewa. Ga shi sauya baki na cin lokaci.

Sabon kuwa, ba mu musun gwanintarsa. Hannaye biyu ne ke riƙe da bakin sama da ƙasa suna tafiya tare, don haka yankansa ya fi tsabta, bakin kuma ya fi jimawa. Ɗauki DeWalt DW788 mai zurfin inci 20: ana iya rage gudunsa zuwa sara 400 a minti, ko a ƙara har 1,750, kuma ana sauya baki ba tare da sifana ba. Wanda abincinsa ke cikin aikin ado mai laushi, wannan ne abokin tafiyarsa. Sai dai abin da ke sarrafa gudun nan wani ɗan allon lantarki ne a ɓoye a ciki. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi, injin ya zama gunki har sai an yi odar wani daga waje.

A nan ne maganar ta shafe mu. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka na shan wuta volt 120 ne, mai zagaye 60 a daƙiƙa, alhali tamu 230 ce mai zagaye 50. Tsoho da sabo duk wannan ya shafe su. Bambancin shi ne, tsohon ana iya cire masa inji a sa wanda ya dace da wutarmu, sabon kuwa sai dai a nema masa taransifoma, a kuma yi ta addu'a duk sa'ad da aka tada janareto. Maƙeran Panteka a Kaduna za su iya ƙera wa tsohon kusan duk ƙarfen da ya rasa, amma allon lantarki ba a ƙera shi a maƙera.

Mun ga darasi a tarihi. Da aka soma tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantun sakandare. Da yawansu suka shekara da shekaru cikin akwatunansu har suka yi tsatsa, domin babu wuta, babu ɗakin kafa su, babu malamin da ya san kansu. Sababbi ne fil, amma yaran da aka sayo su dominsu sun gama makaranta ba su taɓa su ba.

To, 'yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne a ma'aikatu, mu ne za mu sa hannu a takardun kwangila. Kafin mu sa, mu tambaya: wane aiki za a yi da injin? Wace wuta yake sha? Ina ake samun bakinsa da kayan gyaransa? In ɗakin koyo ne inda hannaye da yawa za su taɓa shi, tsoho mai lafiya ya fi, muddin an duba cewa zubinsa bai tsage ba, an kuma rufe bel ɗinsa don kada ya kama rigar yaro. In aikin ƙwararre ne mai tsayayyar wuta, sabo ya cancanci kuɗinsa.

Ba mu ce duk tsoho zinariya ne ba. Amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma injin da ke yanka katako yau ya fi wanda ke jiran jirgi. Allah Ya sa mu zama masu tattalin dukiyar jama'a, amin.