Bukin aure ba sai an sare gawo ba

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Alakos, idan an kai hatsi rumbu sai bukukuwan aure su taso. Aure alheri ne. Amma a duba abin da buki ɗaya ke ci, ban da gero da shinkafa. Yana cin itace amalanke guda ko fiye.

Ƙasarmu ta Gure ƙasar rairayi ce. Inda aka sare itace, iska ke kwashe ƙasa, tudun rairayi ya matso gona. Sau da yawa samarin da aka aika neman itacen buki ba sa tsayawa ga busasshe. Gawon da ke bakin gona suke hawa da gatari. Wannan hasara ce babba. Gawo yana zubar da ganye da damina, ganyen ya zama taki, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ƴaƴansa ne abincin awaki. Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a 1884, ya hana saran gawo a ƙasarsa, kuma ya san abin da yake yi.

A ganinmu, tun ranar da aka sa rana ya kamata uwar amarya da maƙwabtanta su fara tara busasshen itace kaɗan kaɗan. Kada a kwashe karan gona don wuta, domin karan ne ke rufe ƙasa lokacin hunturu. A gina murhun laka mai ƙofa ɗaya daidai gindin tukunya. Ba ya cin itace kamar duwatsu uku a fili, hayaƙinsa kuma bai kai nasu ba. Matan da ke yini gaban wuta sun san yadda hayaƙi ke sa tari da ciwon ido.

Sai maganar leda. Goro a leda, dabino a leda, ruwan sha ma a leda. Da an watse, iska ta raba su ƙofa ƙofa. Akuya ta haɗiye, leda ta toshe mata tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu, wata sa'a ma akuyar da aka ba amarya ce. Tun 2014 dokar Nijar ta hana irin wannan leda, amma har yau tana cikin kasuwanninmu. A raba goro a faifai. Matanmu ne ke saƙa shi da kaba, kuɗin kuma ya tsaya a gari. A zuba ruwa a randa mai murfi, a ɗiba da ludayi mai dogon hannu.

Ango kuma yana da nasa aiki. Wajen sassabe, ya bar tohon itatuwa a gonarsa, ya rage rassan, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda ya soma a yankin Maraɗi cikin shekarun 1980. Rassan da ya rage su ne itacen girkin amarya.