Mu Ma Muna Kwanan Daji, Amma Ba Don Shaƙatawa Ba

Jama'a, duk mai son yi mana lacca kan bunƙasa yawon buɗe ido a Zamfara, ya fara gaya mana ƙarfe nawa yake yarda ya bi hanyar Anka zuwa Gummi da iyalinsa.

A Amurka, ma'aikacin gwamnati irina yakan tashi aiki ran Juma'a, ya ɗaura wa motarsa tirela mai gado da kicin, ya kwashi yara sai bakin tafki, sai Lahadi ya dawo. Sauro kawai yake tsoro. To mu ma ai muna da ruwan: ga madatsar Bakolori tun 1978, ga gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Gummi. Tsaro ne babu.

Kwanan daji kuwa, wallahi mun fi su yi. A ƙauyukanmu, magariba na yi mata su goya ɗiyansu su shige gona, don daji ya fi gida aminci. A Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Ko 58 ɗin kaɗan ne?

Haba shugabanni! Kuɗin biki da talla, a kai su ga tsaron hanya da mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu. Ranar da manomin Bukkuyum ya kwana a ɗakinsa har asuba ba fargaba, baƙi za su zo ba sai an gayyace su ba.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.