Mai kwana biyar a hannu, dutse ɗaya ya ishe shi a Abzin

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, da yawa daga cikinmu mun san Abzin ne ta bakin buhu. Albasar Tabelot, tafarnuwa da dankalin turawa na gonakin dutse, lemu da rumman na Timiya, duk suna bi ta hannunmu a kasuwannin Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan wanda ya je Agadas sarin kaya ya ce bari ya ƙara ƴan kwanaki ya ga inda wannan arziki yake fitowa, ya shiga kwazazzabai, ya taka duwatsu. Niyya ce mai kyau, domin ƙasarmu ce. To amma a ganina, wanda ke da ƴan kwanaki kaɗan ya zaɓi hawa ɗaya tak, ya biya jagora, ya bar saura sai wata shekara.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne sana'armu. Daga Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne, daga Tawa kusan 400, daga Yamai kuwa ya haura 900. A ce mutum ya ware kwana biyar. Rana ta farko ta tafi a hanyar Agadas. Ta biyu ta tafi tsakanin Agadas da gindin dutse, a hanyar yashi da tsakuwa wadda sai mota kat-kat ko babbar motar kaya. Timiya kaɗai ta fi kilomita 200 daga Agadas. Ta huɗu da ta biyar na komawa gida ne. Me ya rage? Yini ɗaya. Wanda ya ce a wannan yinin zai hau Bagzan, kuma ya leƙa magangarar ruwan Timiya, ya yi lissafin da ko yaron shago ba zai yi ba.

Bagzan ɗin nan ba tudun bayan gari ba ne. A cikinsa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, wato Idukal-n-Tages, mita 2,022. Tsohuwar hanyar ƙafa da jakuna da mutanen ƙauyukan sama suka gada tana bi ne ta cikin kwazazzabo, tsakanin manyan duwatsu. Masu hawan duwatsu suna da wani ƙiyasi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan kuwa ƙiyasin mai ƙarfi ne wanda ya saba, ba na alhajin da ya shekara ashirin zaune a kan buhu yana ƙirga kuɗi ba. Shi sai ya ninka. Idan kuma hanyar ta fara da gangara ne zuwa cikin kwazazzabo, to a nan ake yaudaruwa, domin sauka ba ta da wuya, sai lokacin fitowa mutum ya tarar ƙafa ta mutu, rana ta take, ruwa ya ƙare.

Na san abin da wasu za su ce: mu da muka saba da zafin Maradi na watan Afrilu, wace rana ce za ta ba mu tsoro? Gaskiya ne mun saba da zafi, amma a ƙarƙashin rumfa, mai ruwan sanyi na wucewa duk bayan minti biyar. Mai hawan dutse cikin rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya a awa guda, kuma iskar hamada tana busar da shi nan take, har mutum bai san yana zubarwa ba. Tafiyar awa biyar ko shida tana bukatar lita huɗu zuwa biyar ga mutum ɗaya, kowace lita kuma kilo ɗaya ce a baya. Ruwa shi ne uwar kuɗin wannan tafiya. Idan rabin abin da ke cikin bido ya ƙare, a juya, ko da ƙololuwar tana gaban ido. Ɗan kasuwar kirki ba ya cin uwar kuɗi yana fatan riba a gaba.

Ruwa kaɗai ma bai isa ba, domin gumi da gishiri yake fita. A tafi da dabino, gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli ko cuku. Haɗin nan da uwaye mata suka sani na yaro mai zawo yana aiki a nan ma: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a zaunar da shi a inuwa. Wanda maganarsa ta fara rikicewa kuwa, ransa na cikin haɗari, a jiƙa masa jiki da tufafi, a yi masa fifita, a nemi fitar da shi zuwa likita ba tare da jinkiri ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ga lokotoro tun kafin ya bar gida.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya. A Afrilu da Mayu zafin Agadas yana wuce digiri 40. Ko a lokacin sanyin ma a tashi bayan sallar asuba, a huta da tsakar rana, a riƙe bargo domin daren dutse yana da sanyi mai shiga ƙashi. Damina kuwa tana da nata haɗarin. Ruwa na iya zuba a kan duwatsu can nesa, sama tana tas a inda kake, sai kori ya taso da ƙarfi ya cika kwazazzabo cikin ɗan lokaci. Mutanen Agadas ba su manta da farkon Satumban 2009 ba, lokacin da korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa. Abin da ya yi wa gari haka, ina ga mutum a tsakanin bango biyu na dutse? Kada a kwana a cikin kori, kada a ajiye mota a ciki.

Batun jagora shi ne inda halinmu na ciniki yake cutar da mu. Mutum zai kashe kuɗin mota da na masauki bai ce uffan ba, amma da an zo kan jika nawa za a ba jagora sai ya fara taya kamar yana sayen barkono, ko ya ce ai yana da salula. Rezo ba ya shiga kowane kwazazzabo. Kakanninmu fatake ba su taɓa jayayya da madugu a kan hanya ba, kuma ayarin gishirin Fashi da Bilma bai taɓa ratsa Tenere ba tare da wanda ya san rijiyoyi ba. Ɗan Abzin da aka haifa a gindin dutsen ya san inda ruwa yake, ya san hanyar da ta zabtare, ya san hadarin da zai kawo kori. Araha ba ta ado. Ga kuma wani dalili: tawayen 2007 zuwa 2009 da sace ma'aikata a Arlit a Satumban 2010 sun kori baƙin Turai, suka bar jagorori da masu raƙuma da maƙera ba ciniki. Kuɗin da Bamaraɗe ko Badamagare ya ba su haƙƙinsu ne, kuma mu da muke cin riba da albasarsu mu ne ya fi dacewa mu biya da daɗin rai.

Wannan tarihin yana tuna mana cewa maganar tsaro ba a yin ta da ka. Kafin a bar Agadas a je wurin jandarmomi a tambayi halin da hanyar take ciki, a bi abin da suka ce, ko da cewa suka yi a haƙura. A bar wa wani a gari sunan wurin da za a je da ranar dawowa.

Ku kuma hajiyoyi da ƴan uwa mata, tafiyar ba ta maza kaɗai ba ce, matan dutsen kullum a kai suke. Sai dai a ajiye silifa da takalmin biki a nemi mai rufi da ƙasa mai kauri wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Wadda gwiwa ke damu ta tsaya a lambunan Timiya ta sha inuwar dabino, ba abin kunya ba ne, ita ma ta ga Abzin.

Sannu ba ta hana zuwa. Dutsen yana nan tun kafin a kafa Agadas, baɗi ma yana nan, amma iyali da masu bin bashi suna jiran wanda ya fita ya dawo da ƙafarsa. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.