Ga Masu Cewa "Ai Gashi ne Kawai"

Akwai maganar da ake gaya wa mai sankarar mama ranar da gashinta ya fara zuba: "Ai gashi ne kawai, zai fito. Ki gode Allah da ya bar ki da ranki." Mai faɗin haka alheri yake nufi, kuma rabin zancensa gaskiya ne, domin gashin yakan fito. Sai dai kalmar "kawai" ɗin nan ta yi ɓarnar da ba a lissafa ba, kuma masu ilimi, har da ma'aikatan lafiya, sun fi kowa saurin furta ta.

Dalilin zubar gashin ba boyayye ba ne. Magungunan kemoterafi suna farautar ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa, domin haka ƙwayoyin daji suke. Amma magani ba ya tambayar suna. Saiwar gashi tana cikin sassan jiki mafi saurin rabuwa, kuma a kowane lokaci kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na gashin kai yana matakin tsiro. Shi ya sa magunguna irin doxorubicin da cyclophosphamide da paclitaxel da docetaxel, waɗanda aka fi dogara da su wajen sankarar mama, suke kwashe shi kusan gaba ɗaya.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne lokacin. Galibi ana ba da maganin ta ƙarin ruwa duk bayan mako uku, gashi kuma yana fara zuba tsakanin mako na biyu da na uku bayan karɓar na farko. Ke nan ba a asibiti yake zuba ba, inda za a samu mai bayani. A gida yake zuba, a kan matashi da cikin mataji, 'yan kwanaki kafin ranar da mace za ta koma karɓar kashi na biyu, daidai lokacin da iyali ke fafutukar haɗa kuɗinsa. Kafin nan sun ga amai da kasala. Idan doxorubicin aka ba ta, wanda ja ne, sun ga fitsarinta ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Yanzu ga kitso yana ficewa da saiwarsa. Duk wanda ba a yi wa bayani ba, abin da idonsa ya nuna masa shi ne mace ta tafi asibiti da ƙafarta da gashinta, an ɗura mata wani abu, ta dawo tana lalacewa. A nan ne gwaggo za ta ce maganin Bature guba ne, maƙwabciya ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, sammu ne, wani kuma ya kawo labarin mai magani a ƙauye kaza wanda ba ya taɓa gashin kowa. Gaskiyarsa, ba ya taɓa gashi. Dajin ma ba ya taɓa shi.

Sankarar mama ita ce kan gaba a ciwon dajin mata a Najeriya, kuma mafi yawan masu ita suna isa asibiti ne bayan ta yi nisa. Macen da ta riga ta makara, idan ta yanke magani a kashi na biyu, ba ta da sauran lokacin da za ta yi asara. Duk abin da zai iya sa ta yanke shi bai cancanci a kira shi "kawai" ba.

Wasu za su ce matsalar ta Turawa ce, tunda matan ƙasar Hausa suna rufe kai. Wannan hujja ta mai kallo daga titi ce. Hijabi yana rufe kai daga baƙo, amma ba baƙo mace take tsoro ba. Tana tsoron ranar girkinta. Tana tsoron idon kishiya a tsakar gida, da tambayar ɗanta ɗan shekara biyar, da makitsiyar da ta saba zuwa duk mako biyu, wadda yanzu dole a ƙirƙiro mata uzuri. A gidan da ake auna kwalliyar mace da shuku da kalaba, kai ba gashi ba ƙaramin abu ba ne. Ban da haka, gira da gashin ido su ma sukan zube, kuma babu ɗankwalin da ke rufe su. Macen da ta ɓoye ciwonta wata uku, fuskarta ce za ta tona shi a wurin biki, a cikin jama'ar da har yanzu wasu ke jin sunan daji kamar sanarwar mutuwa.

Inda ake da kuɗi, an ɗauki abin da muhimmanci har aka ƙera masa na'ura. Hula ce mai sanyaya fatar kai yayin ƙarin ruwan, jijiyoyin jini su tsuke, maganin da ke isa saiwar gashi ya ragu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da DigniCap a 2015, da Paxman a 2017. Ta biyun ma tarihinta abin lura ne: iyalin Paxman a Ingila sana'arsu injin sanyaya giya ce, sai matar gidan ta kamu da sankarar mama ta rasa gashinta, suka juya iliminsu wajen kai. A gwajin da aka wallafa a 2017, kusan rabin matan da suka sa hular sun tsira da yawancin gashinsu, waɗanda ba su sa ba kuwa babu ko ɗaya. Amma hular tana da tsada, ba ta cika aiki da doxorubicin ba, kuma iyalin da ke sayar da gona don sayen maganin kansa ba za su nemi hula ba. Ba ita ce mafitar Kano ko Maraɗi ba.

Abin da ke hannu bai kai haka tsada ba: minti goma na magana kafin kashi na farko, da Hausa, a gaban miji ko uwa ko duk wanda maganarsa ke da nauyi a gidan. A gaya musu gashi zai zuba, a faɗi makon, a ce har gira. A bayyana cewa zubarsa ba alamar ciwo ya ƙaru ba ce. A ce zai fara tsirowa 'yan makonni bayan kashi na ƙarshe, cikin wata uku zuwa shida ya rufe kai, wataƙila da laushi ko launi dabam. A kuma faɗi abin da ba a son faɗa: a wasu ƙalilan, musamman masu karɓar docetaxel, ba ya dawowa yadda yake. Likitan da layin marasa lafiya ya yi masa yawa yana da uzuri, amma ma'aikaciyar jinya za ta iya wannan aikin, haka ma macen da ta gama nata maganin gashinta ya fito. Ganin kanta ya fi bayanin likita goma.

Sauran dabaru ne na cikin gida. A tsefe kitso tun kafin mako na biyu, domin gashin da ya zube cikin kitso yakan cukurkuɗe ya ja fata. A rage shi da almakashi, a guji reza, saboda garkuwar jiki ta yi rauni kuma ƙaramin yanka yana iya zama ciwo. A ajiye man miƙar da gashi da rini. Man kaɗanya ya isa ga fatar da ta bushe, da ɗankwalin auduga mai laushi ƙarƙashin mayafi, da hula da dare lokacin hunturu. Mai tunanin sa gashin kanti kuma tana jin nauyin hanin da ya zo a kan ƙarin gashi, ta sani malamai da yawa sun bambanta mai neman ƙarin ado da mai rufe abin da ciwo ya ɗauke, kuma tambayar ta fi sauƙi idan an yi ta tun gashin yana kai.

Miji kuwa, ranar da ta cire ɗankwali a gabansa karo na farko, fuskarsa take kallo. Kashi na biyu saura kwana huɗu.