Sharhin Bayan Labarai: "Wallahi Ban Gan Shi Ba"



A Kaduna, duk wanda ya saba bin titin Ali Akilu daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, ko titin Ahmadu Bello wajen Kasuwar Gumi, ya san abin da za mu yi magana a kai yau. Ka ji ƙarar birki, ka ji wani abu ya bugu, kafin ka waiga jama'a sun yi cincirindo. Babur na kwance a kan kwalta, tayar baya na juyawa, fetur na tsiyaya, takalmi wari ɗaya can gefe. In abin ya zo da sauƙi, mai babur na zaune ya riƙe ƙafa. Mai mota ya fito hannu a ka, maganar farko da za ta fito daga bakinsa ita ce, "Wallahi ban gan shi ba." Wani ya ce ƙarya yake yi, da rana tsaka yaya za a yi mutum bai ga babur da goyo ba? Wani ya ce ai 'yan acaba ne ba sa jin magana. Wani dattijo ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri. A saka mai rauni a keke a nufi asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, taro ya watse.

Sau da yawa mai motar nan gaskiya ya faɗa, bai gan shi ba. Amma gaskiyar ba ta wanke shi, kuma ba ta ɗora ƙafar da ta karye. Tunda an san dalilin da ya sa ba a ganin mai babur a mahaɗa, bai kamata mu ci gaba da jingina komai ga tsautsayi ba.

Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka duk wanda zai sha kwana zuwa hagu, ko zai juya a wurin da aka yanke tsakiyar titi, dole ya ratsa hannun masu tahowa. Direba ya tsaya yana jiran rata. Abin da idonsa ke nema shi ne mota, ko bas, ko tifa, wato abin da zai iya ragargaza shi. Da ya hango sarari tsakanin motoci biyu sai ya taka totur. A cikin sararin nan kuwa akwai babur. Idon direba ya bi ta kansa, amma hankalinsa bai ɗauka ba, domin ba shi ya fito nema ba. Ko da ya ankara da shi, ga wata matsalar kuma: ƙaramin abu ido na ɗaukarsa mai nisa ne, mai tafiya a hankali. Mota in tana tahowa girmanta na ƙaruwa a ido, kana iya auna gudunta. Babur ta gaba siriri ne, faɗinsa bai wuce kafaɗun mai shi ba, yana nan kamar ba ya motsi, sai ya zo daf sannan ya cika ido. Ga kuma ginshiƙin nan da ke tsakanin gilashin gaba da gilashin ƙofa, wanda ke iya ɓoye babur da mutum biyu a kai na daƙiƙa ɗaya ko biyu, daidai lokacin da direba ke yanke shawara.

Wannan ba halin direbobin Kaduna ba ne su kaɗai. A 1981 wani masani mai suna Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kaliforniya a Amurka ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Anjalas. Kusan uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, galibi ƙaramar mota. A biyu cikin uku na waɗannan karon, ɗaya direban ne ya shiga hannun mai babur. Kuma siffar da ta fi yawa ita ce wadda muke gani kullum a nan: babur ya miƙe a hanyarsa, mota ta sha kwanar hagu a gabansa. To in haka ta faru a inda tituna ke da alamomi kuma babura ba su da yawa, ina ga garin da babur da keke da mota da mai tura baro ke rububin mahaɗa ɗaya?

A nan gida muna da ƙarin namu. Akwai motar da za ta karya dama ta shiga layi ko gidan mai ba sigina, alhali babur na bin ta gefen lambatu yana ƙoƙarin wuce ta. Akwai kuma wanda ya fi ban tausayi, domin kirki ne ke jawo shi. Motoci sun yi layi a cunkoso, wani direba mai mutunci ya tsaya, ya haska wa mai son shan kwana fitila ko ya ɗaga masa hannu, alamar wuce. Shi kuma ya ji daɗi, ya shigo da sauri don kada ya ɓata wa mai alheri lokaci. Bai sani ba akwai babur da ke kutsowa ta gefen layin, motar mai alherin ta kare shi. Wanda ya ba ka hanya, hannunsa kawai ya ba ka. Bai duba maka abin da ke gefensa ba.

Nauyi mafi girma yana wuyan mai shan kwana, domin shi ne ke ratsa hannun wani. Leƙe ɗaya ba ya isa. Ya duba, ya matsar da kansa gaba ko baya don ya ga bayan ginshiƙin nan, ya sake dubawa, a wannan karon da niyyar neman babur. Ya kunna sigina tun kafin ya taka birki, ba bayan ya fara karya sitiyari ba. Ya ajiye waya. Masu gilashi mai duhu kuwa, in rana ta faɗi su sauke na gefe kafin su juya, don ta cikin baƙin gilashi babur marar fitila ba ya ganuwa ko kaɗan.

Amma mai babur, kai ne jikinka ke taɓa kwalta. Ko da duk wanda ke wurin ya shaida kai ke da gaskiya, kai za a kai wajen mai ɗori. Don haka abin da ya fi damun wannan sharhi shi ne wata al'ada tamu da muke ɗauka taimako ce. Mutum ya kunna fitilar babur ɗinsa da rana, ba zai yi nisa ba sai wani ya ɗaga masa hannu yana buɗe yatsu yana rufewa. A danja wani ya matso ya ce, "Malam, fitilarka a kunne take." Yara ma daga bakin titi suna kira. Shi kuma ya yi godiya ya kashe, har da jin kunya. Kowa da kyakkyawar niyya, amma abin da muka sa shi ya kashe shi ne abu mafi araha da zai sa direba ya gan shi.

Ƙasar Malesiya, inda babura suka yi yawa, ta wajabta kunna fitilar babur da rana a 1992, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna haɗurran da ke da nasaba da rashin ganin mai babur sun ragu da kimanin kashi 29 cikin 100. A ƙasar Niyu Zilan, wani bincike da aka buga a 2004 ya gano masu kunna fitila da rana haɗarin samun rauninsu ya ragu da kashi 27 cikin 100, masu sa tufa mai ƙyalli ko mai ɗaukar ido kashi 37, masu farar hular kwano kuma kashi 24 idan aka gwada su da masu baƙa. Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS da suka cika titunanmu, tun 1 ga Afrilun 2017 ta ce duk sabon babur da za a sayar a can fitilarsa ta kama da kanta da zarar an tayar da inji. Masu ƙera mana baburan sun hana nasu mutanen kashe fitila, mu kuma muna tunatar da juna a kashe.

Hujjar da ake kawowa ita ce batir zai mutu, ko ƙwan fitila zai ƙone. Injin da ke aiki shi ke samar da wutar, kuma ko ƙwan ya ƙone, kuɗinsa bai kai kuɗin hoton ƙashi ɗaya ba, balle watannin da magidanci zai yi a kwance ba cefane.

Sai madubi. Saurayi ya sayi sabon babur, ko ya karɓo na biyan balas, abin da zai fara yi shi ne ya kwance madubai biyun ya ajiye a ɗaki, wai suna hana shi kutsawa, wai na tsofaffi ne. Sigina ta karye, ba a gyarawa. Fitilar baya ta mutu, wata da watanni ba wanda ya kula. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ya rufe gari, kowa ya saka baƙar rigar sanyi ya naɗe fuska. Ku tsaya a mahaɗar Mando ko Kurmin Mashi daf da magariba, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke sauri su isa gida kafin a tayar da salla, rana ta faɗi amma duhu bai kai kowa ya tuna da fitila ba. Za ku ga babura suna fitowa daga cikin ƙura, sai sun zo gabanku za ku san da su. A nan kuma, kan titin Nnamdi Azikiwe, akwai tireloli da tankoki. Direban tirela ba ya ganin abin da ke manne da gefen damansa, kuma in zai karya dama sai ya fara buɗewa hagu. Wannan sararin da ya buɗe ba hanya ba ce. Wanda ya shiga, tayoyin baya ne za su same shi.

Batun gudu lissafi ne. Dokar hanya ta ƙasa ta kayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Ko a wannan gudun babur na cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, a kilomita 60 kuma kusan mita 17. Kafin ido ya ga mota ta shigo, hankali ya gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce, wato tsawon motoci uku ya tafi birki bai ma fara aiki ba. Tsofaffin mahaya da suka daɗe a titi ba su karye ba suna da dabarunsu. Suna sassauta totur kafin kowace mahaɗa ko da hanyar tasu ce, yatsu biyu a kan birki. Ba sa manne wa bayan bas ko keke, domin mai jiran shan kwana zai ga bas ɗin ne kawai, ya shigo da zarar ya wuce. Kuma ba sa yarda da idon direba, ko da ya kalle su. Tayar gaban motar suke kallo, domin ita ke fara motsi.

Game da hukuma kuwa, tarihin babur a Kaduna tarihin hani ne da sassauci. A farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta hular kwano, aka yi ta ja-in-ja, abin ya lafa. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta acaba a cikin birni. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana hawa babur gaba ɗaya na wata uku saboda matsalar tsaro. Kowane mataki da dalilinsa, amma babur bai bar titi ba, kuma ba zai bari ba, domin shi ne ke shiga lungunan Rigasa da Badarawa da Hayin Banki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ma, mutane da yawa sun jingine mota sun koma kansa. Wanda ke kan babur yau malamin makaranta ne, ma'aikacin asibiti ne, uwa ce da goyo a bayanta, yara ne uku za su Islamiyya.

An kashe kuɗi mai yawa a kan titunan garin nan tun daga shirin sabunta birni na 2019. An faɗaɗa wasu, an mayar da wasu tagwaye, an buɗe sabuwar gadar Kawo a farkon 2022. Aiki ne mai kyau, amma titi mai faɗi da santsi yana ƙara gudu, kuma shingen tsakiya yana tattara duk masu juyawa a 'yan wurare kaɗan. Waɗannan wuraren ne ke buƙatar kulawa. Ba za a ga mai tahowa ba muddin kekuna na lodi a kan kwanar, mai shayi ya kafa tebur, allon talla ya tsaya daidai tsayin idon direba. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar, da ke tsaye a mahaɗa suna iya matsar da masu lodi nesa da bakin kwana, kuma wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. Fitilun titi da danja da suka mutu a gyara su, a fara da wuraren juyawa.

Ƙungiyoyin masu babur da keke sun fi kowa ikon sauya al'adar fitila, domin maganar shugaban tasha ta fi ta kowane jami'i shiga kunnen yaransa. Wanda ke karɓar kuɗin tikiti kowace safiya yana iya duba fitila da madubi da rigar ƙyalli a lokaci guda. Masu ba da babur a biya sannu a hankali su saka wannan cikin sharaɗi, tunda dukiyarsu ce ke kan titi. Idan kuma gwamnati za ta mayar da kunna fitila da rana doka, muna roƙo kada ta fara da kame da tara, don kada abin ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro a bakin titi, mahaya su tsane shi tun daga ranar farko kamar yadda aka yi da hular kwano. A fara da sanarwa a rediyo da masallatai da coci-coci da tashoshi, a ba mutane watanni su gyara fitilunsu, a kuma faɗa wa sauran jama'a a fili cewa fitilar babur da rana ba mantuwa ba ce, su daina ɗaga wa mai ita hannu.